Akwatin Lafiya Lau

Zuwa ga jikana Dogo,

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya zaman garin mutane? Ni ce kakarka ke magana, maƙwabciyata Mai ɗinki ke rubutawa. Ta bar kekenta ta zo ta zauna min a bakin gado. In ta gama za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka, tunda kunnen nan nawa ya ƙi waya. In ka kira, ji nake kamar ana juye ruwa a bokiti.

Lafiyata lau. Ƙafa ce dai, ita kuwa ka san halinta.

Mai gyaran agogo ya rasu. Na ɗakin ƙarshe, kusa da matakala, wanda yake ba ka matattun agogo kana wasa da su. Ba wanda ya san ranar. Ƙofarsa a rufe, rediyonsa na ta magana a ciki, duk wanda ya wuce sai ya ce ai yana nan. Ni ma na wuce. Mai ɗinki ta ce min rediyo na yi, na ce to madalla. Sai da ƙudaje suka cika taga aka ɓalle ƙofar. Ban leƙa ba. Na dai ga an fito da katifar an kai bayan gida an ƙone. Rediyon yana wurin mai gidan haya yanzu, an ce lafiyarsa lau.

Ban yi kuka ba. Na dawo ɗaki na ci abincina, na wanke kwano.

Akwatin da ka aiko ya iso. Mai gyaran wuta ya kafa shi a bango, sama da kan gado. Ɗan mitsitsi kamar sabulu, da maɓalli ɗaya kore. Ya ce in na tashi da safe in danna. Ina dannawa, wata 'yar wuta ta ƙifta min ido. To daga nan fa? Wa ke ciki? Me yake gaya maka? Ka yi min bayani irin wanda zan gane.

Kai dai maigidan ƙarya ne. Ka tafi ka bar amarya da sabulun bango.

Kakarka

Ni ce Mai ɗinki. Kada ka sa damuwa a ranka, tana nan garau, har tsokanata take yi. Akwai abin da ta faɗa a kan mamacin wanda ban rubuta ba, ba daɗin ji.

*

Kaka, 'yar tsohuwa amaryata,

An turo min takardarki, na karanta ina dariya ni kaɗai a cikin mota. Allah ya jiƙan Mai agogo. Ina lafiya. Da safe aji, da yamma shagon gyaran kwamfuta.

Babu kowa a cikin akwatin. Abin da ke yin aikin ni na rubuta shi da hannuna, mu a nan fankishin muke ce masa. Kin san injin niƙa na bakin titi? Ki zuba hatsi ta sama, gari ya fito ta ƙasa. To shi ke nan. A lissafi akwai wanda aikinsa kawai ninkawa biyu. Ki ba shi uku ya ba ki shida, ki ba shi goma ya ba ki ashirin. Ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da aka zuba shi ke yanke abin da zai fito. In yau kin ba shi uku ya ce shida, gobe ma shida zai ce, baɗi ma shida. Ba ya fushi, ba ya mantuwa, ba ya makara kamar jikanki.

A kwamfuta, mutum ya rubuta shi sau ɗaya, ya raɗa masa suna, shi ke nan sai ya riƙa kiransa duk sanda ya so, kamar ɗan aike. Nawa na sa masa suna duba kaka. Kullum in hantsi ya yi, kwamfuta ta kira shi, ya duba ko kin danna, ya turo min kalma uku a waya: Kaka lafiya lau.

Shi ne abu na farko da na rubuta wanda ya fita daga aji ya yi wa mutum amfani. Malaminmu har ya nuna wa 'yan aji a allo. Kin ga kin yi suna, duk ajinmu an san amaryata.

Ki ci gaba da dannawa. A gaida Mai ɗinki, na gode mata.

Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Bayan gaisuwa. Mai ɗinki ta karanta min takardarka a kunnen dama, da ƙarfi, har na ɗakin gaba ma sun san uku tana zama shida.

Lafiya lau. Ta ce in fara da haka, na fara.

Hannun hagu ne yake min wani iri. Ba ciwo ba. Da ciwo ne da na fi so. In na riƙe kofi sai in gan shi a ƙasa, ban san sanda na sake shi ba. Jiya da shi na danna abin naka, da gangan, in ga ko zai gane. Wutar ta ƙifta kamar kullum. Kai me ya ce maka jiya? Lafiya lau ko?

Na gane maganar injin. Shekara nawa ina kai niƙa. Amma injin bakin titi, in ka zuba masa tsakuwa ba gari zai ba ka ba, haƙori zai zubar. Kuma in hatsi ya ƙare a cikinsa kukansa canzawa yake, mai shi ya ji ya zo ya kashe. Naka fa? In ba a zuba masa komai ba, me yake yi?

Tun rasuwar Mai agogo na daina sa sakata. Tura ƙofar kawai nake yi. Kayan da nake so a gan ni da su na ninke na sa a kan kujera. Ba na barin kwano da dauɗa. In na kwanta sai in gyara zani in rufe ƙafa, ko da za a shigo.

Rubuta, 'yar nan, ki daina kallona. Ga abin da nake tambaya. In na zama kamar Mai agogo, yaushe za ka sani? Ranar, ko sai ƙudaje sun zo? Mutuwar ba ita ce ba, kowa da tasa. Warin ne. A toshe hanci a kaina, mutanen da na goya wa 'ya'ya. A ƙone min katifa a bayan gida.

Ka ba ni amsar wannan ita kaɗai, ko ba ka gaishe ni ba.

Kakarka

Ni ce Mai ɗinki. Rabu da ita, tsufa ne, ga mu kewaye da ita. Hannun ma ina ga kwanciya ta yi a kansa. Zan yi tafiya wurin 'yata, haihuwa ta matso, sai na dawo.

*

Amaryata,

Ki yi haƙuri, na daɗe ban rubuto ba. Jarrabawa ce ta sha min kai, ga mai shago ya sallami ɗayan yaron, aikin mutum biyu nake yi.

Na ga maganar hannu. Laifina ne, maɓallin ya yi ƙanƙanta kuma yana da tauri. Na samo wani babba mai laushi, ko da gwiwar hannu kika taɓa zai ji. In na sami mai zuwa zan aiko.

Maganar in ba ki danna ba kuwa, ki kwantar da hankalinki, ai don haka aka yi shi. Zan sani a ranar. Kuma ki daina irin wannan zancen, ke da za ki goya min 'ya'ya.

Ni dai na yaba miki. Tun da aka kafa akwatin nan ko rana ɗaya ba ki yi fashi ba. Yau da safe ma ina tsaye a layin shiga jarrabawa ya shigo, Kaka lafiya lau, sai na ji zuciyata ta zauna. Ba ki san yadda kalma ukun nan suke riƙe ni ba.

A gaida mai jego in an sauka.

Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Ina gaisuwa. Wannan hannun Mai magani ne, na kantin kan kwana. Mai ɗinki ba ta dawo ba, ita ta turo masa takardarka ta waya. Na ce masa abin da na faɗa shi zai rubuta, kada ya yi min kwalliya. Ya ce to.

Ya karanta min sau biyu. Na ce ya maimaita wurin da ka ce yau da safe. Ya maimaita.

Dogo, rabona da taɓa akwatin nan tun kafin a yi ruwan da ya cika lungu. An kwana biyu.

Na sauko daga gado da safe, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukata. Na tafi ƙasa, tsakanin gado da ƙofa. Ban ji zafi ba. Na ce bari in tashi, jikin ya ƙi. Na kira, bakin ya karkace, abin da ya fito ba magana ba ce. Ina ganin maɓallin can sama, kore, kamar in miƙa hannu. Ban ma gwada ba. Daɗi na ji. Na ce yau ban danna ba, yanzu Dogo ya sani.

Sai na kwanta ina kallon ƙarƙashin ƙofa. Haske ya zo, ƙafafu suna wucewa, na gane silifas ɗin matar mai gida. Haske ya tafi. Ya sake dawowa. Na yi fitsari a kwance. Rubuta, Mai magani, kai ma za ka tsufa. Akwai wata tururuwa da ta yi ta jan ƙwayar shinkafa a gaban idona, na ga tafiyarta tun daga ƙafar kujera har bango. Ba na jin tsoro a lokacin. Lissafi nake yi, yanzu ya nemi izini wurin malaminsu, yanzu ya hau mota, yanzu yana hanya.

Mai ruwa ne ya turo ƙofa, ya zo ɗaukar jarkokinsa. Da na sa sakata da shi ke nan.

A asibiti suka ce jini ne ya hau, ya taɓa ɓarin jiki, amma da sauƙi. Suka ce wa za a kira. Na ce kada a wahalar da kowa, jikana ya riga ya sani, yana hanya. Duk wani mai tsawo da ya shigo ɗakin sai in ɗaga kai. Da aka sallame ni na sa Mai ruwa ya share ɗaki, ya sayo sabon kofi saboda kai.

Ban danna ba tun da na dawo. Na ce wataƙila rana ɗaya ba ta isa ya gane ba, bari in ƙara masa. Ina ta ƙara masa. Sai ga takardarka.

To ni ban yi makaranta ba. Ka ce abin da aka zuba shi ke yanke abin da zai fito. Ban zuba komai ba. Wa ya ce maka lafiya lau?

Ina tafiya da sanda yanzu. Bakin ya ɗan dawo. Ina cin abinci.

Kakarka

Daga Mai magani: na rubuta yadda ta faɗa, ban rage ba. Tana shan magungunanta, ni nake ware mata na safe da na yamma. Bai kamata ta wuni ba wanda ya leƙa ta ba.

*

Kaka,

Ban san da me zan fara ba. Ya jikin? Ya hannun, ya ƙafar?

Na karanta a shago. Na rufe shagon na buɗe abin da na rubuta. Ban daɗe ina neman kuskuren ba, layi ɗaya ne na rubutu.

Lokacin da nake gwada akwatin kafin in aiko, layin waya yana yawan yankewa. In ya yanke, saƙon dannawa ba ya isowa, sai wayata ta kama kuka a tsakiyar aji, ana ta juyowa ana kallona. Sai na ƙara masa layi ɗaya: in ba a ba ka komai ba, ka ɗauka an danna. Na ce in na gama gwaji zan cire. Ban cire ba.

Ba wanda ya ce min lafiya lau, Kaka. Ni na gaya wa kaina, tun kafin akwatin ya bar hannuna. Kin danna, lafiya lau. Ba ki danna ba, lafiya lau. Ko ciro shi aka yi daga bango aka jefa a kwata, haka zai ta faɗa. Akwai irinsa a lissafi, wanda duk abin da aka ba shi amsa ɗaya yake mayarwa. A makon farko aka koya mana shi. In aka zana shi miƙaƙƙen layi ne a kwance, ba hawa ba sauka. Kin tambaye ni wannan tambayar da bakinki, na ce miki maɓalli ne ya yi tauri.

Na cire layin. Na gwada shi ba komai a ciki, na sake gwadawa, na sa abokina ma ya gwada. Yanzu in hantsi ya yi ba ki danna ba, wayata za ta yi kuka, ba za ta daina ba sai na taɓa ta. Daga nan in kira Mai ɗinki, in ban same ta ba in kira Mai magani.

Na je wurin malaminmu. Ya ce in na tafi kafin a gama jarrabawa shekarar ta zube. Ki faɗa min, in kin ce in taho, gobe zan taho.

Ki yafe min.

Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Gaisuwa. Mai ɗinki ta dawo, an sami mace. Ita ke rubutu. Mai magani ya yi mata faɗa, ta ce yanzu ko zagi na yi za ta rubuta.

Jiki da sauƙi. Hannun yana nan kamar na aro.

Kada ka taho. Ka zubar da shekara ka zo ka yi min me, ka zauna kana kallona ina kallonka? Ka gama abin da ya kai ka.

Ka ce in yafe. Na yafe. Na nemi fushi a cikina don in san abin da nake yafewa, ban same shi ba. Babu komai a wurin. Kamar hannun.

Abin naka ya yi aiki. Ina zaune da hantsi sai ga Mai ɗinki ta faɗo ɗaki, almakashi a hannu, ɗankwali a kafaɗa, tana salati. Wai ka kira ta ka ce ta rugo ta duba ni. Na ce mata ga ni. Ta ce, Kaka, don me ba ki danna ba? Na ce ban danna ba dai. Ta tsaya ta ɗora min ruwan zafi, ta tafi.

Washegari ma ta zo. Ranar da ta tafi kasuwa sayen zare Mai magani ne ya zo, ya bar kanti a buɗe, har ya gwada min jini tunda ya riga ya shigo.

Sabon kofin yana nan, ban sha da shi ba.

Kakarka

Ni ce Mai ɗinki. Don Allah ka yi mata magana. Hannun dama lafiyarsa lau, da shi take nuna ni tana dariya. Jiya ina tsakar yanka yadin mutane ka kira, saura kaɗan in ɓata wuyan riga.

*

Kaka,

Ina gaishe ki, ya ƙarfin jiki? Saura jarrabawa biyu. Ranar da na ajiye biro zan hau mota, na riga na gaya wa mai shago.

Don girman Allah ki riƙa dannawa. Kullum da hantsi wayar nan sai ta yi kuka. Jiya ba jarrabawa, ina shago, a gaban mai kawo gyara na saki kwamfutarsa a kan tebur na fita da gudu.

Ki duba ki gani. Da, kullum lafiya lau yake cewa. Yanzu kullum kuka yake yi. Ai an koma gidan jiya, amsa ɗaya ce kowace rana. In ba kya dannawa ranar da kike lafiya, ta yaya zan bambance ta da ranar da kika faɗi? Ta yaya zan sani?

Dogo

*

Dogo,

Lafiya. Yau na kai bakin ƙofa ba sanda, a dawowa sai da aka miƙo min ita.

Ka ce ta yaya za ka sani. Yadda ka sani jiya. Ya yi kuka, ka kira Mai ɗinki, ta ajiye keke tana mita, ta turo ƙofa, ta kalle ni da idonta, ta gaya maka. In ina zaune ta ce ina zaune. In ina ƙasa ta ce ina ƙasa. Ita ba ta da amsa ɗaya, bakinta ma ba ya rufuwa. Ta ce ba za ta rubuta wannan ba. Rubuta.

Na yarda ka gyara shi. Wancan karon ma ai ka yarda yana aiki. Ni ban san abin da ke cikinsa ba, ba kuma zan sani ba, wuta ce dai take ƙifta min ko an yi daidai ko ba a yi ba. Rediyon Mai agogo ma magana yake ta yi lafiya lau. In dai sai na zaɓa, na fi son mai kuka.

Ranar da ka gaji da kukan ka kashe shi, ba zan ga laifinka ba. Ka dai aiko a gaya min, in san na koma ni da Mai ruwa.

Babban maɓallin nan mai laushi, kada ka wahala ka kawo. Ka taho da kanka kawai, maigida, kofinka na nan.

Hantsi ya kusa. Na ce wa Mai ɗinki kada ta tashi, ta zauna nan da wayar a cinya, ta huta da gudu yau.

Ban danna ba. Ina nan.

Kakarka